Fim Ɗin da Na Ɓata da Hannuna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Alhaji Sabo ya jefa min faifai a ƙirji a tsakiyar kasuwar Jimeta ba. Ku ne kuka tayar min da zancen. Jiya na shigo na tarar kun zagaye kwamfuta kuna ƙyaƙyata dariya, kun tono wani tsohon fim, Goggon Damilu, ɗayanku har yana cewa wanda ya tace wannan ya kamata a ɗaure shi, wai hoto kamar an ɗauka ta cikin buhu, murya kamar ta agwagwa. To ni ne. Ni Ishaya, wanda kuke ce wa oga, wanda yake sa ku sake aiki sau uku saboda inuwa ɗaya. Ku daina sunkuyar da kai, ku ja kujera ku ji yadda aka yi.

A ƙarshen 2014 ne. Shagona a lokacin yana Nassarawo, ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, da wani tsohon talabijin mai ƙeya. Aikina tacewa: a kawo min abin da aka ɗauka, in yanka, in jera, in gyara launi, in share murya, sannan in fitar da masta, wato faifan farko da ake buga sauran daga jikinsa. Yawanci bukukuwan aure ne da taron coci da walimar sauka, fim sai jefi-jefi. Masta kuwa idan ya bar hannuna, ya bar hannun kowa. Za a buga faifai, masu tura fim a waya su zuba shi a memori, direbobi su kwasa, kafin kwana uku ya kai ƙauyen da ko babur ba ya shiga. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Wannan shekarar ce mutanen arewacin jihar nan suka kwararo mana. Ba gidan da ba shi da baƙi, barandar shaguna ma ta zama ɗakin kwana. A cikinsu akwai wani tela, Malam Buba, daga wani gari da ba zan ambaci sunansa ba. Masu bindiga sun kama garin yana ciki. Maza ba sa fita, amma ana barin mata su je rafi. Sai maƙwabciyarsa, Adda Maryamu, ta sa ya aske gemu, ta ɗaura masa zaninta, ta sa masa hijabi, ta koya masa tafiyar mata a tsakar gida, ta ɗora masa tulu. A bakin shinge ta ce goggonta ce, kurma ce, ba ta magana. Ta raka shi har rafi, ya tsallake ya shiga daji. Ita kuma ta cika tulun ta koma, don tsohuwarta tana kwance ba ta tashi, ba mai ɗaga ta sai ita.

Buba mutum ne mai ban dariya, irin wanda ko gaisuwa ya yi sai ka murmusa. Ya sauka a unguwar Damilu wurin wani ɗan uwansa, kullum da safe yana teburin mai shayi yana ba da labarin fitarsa, yana kwaikwayon yadda zani ya so kwancewa a gaban masu bindiga. Mutanen da suka yi wata ba su yi dariya ba suna riƙe ciki. A nan Alhaji Sabo ya ji shi. Alhaji Sabo yana sayar da faifai da kayan waya a kasuwa, kuma idan ya tashi yin fim shi ne furodusa, shi ne darakta, shi ne mai labari, saura kaɗan ya ce shi ne kamara. Ya ce wannan ai fim ne a kwance.

Buba ya yarda, don yana da bakuna da yake ciyarwa, amma da sharaɗi ɗaya. Mai kamara ne ya ba ni wannan labarin daga baya, don ni ba na zuwa wurin ɗauka. Ya ce Buba ya ce, "Alhaji, fuskata kada ta fito. Akwai mutane a baya."

Alhaji ya nuna masa tsallaken titi ya ce, "Haba Malam Buba! Ka ga inda kamara take? Daga can ko wadda ta haife ka ba za ta gane ka ba."

Ku ji min mutum! Kamarar nan sabuwa ce fil, an aro ta wurin wani mai ɗaukar biki, daga tsallaken titi tana janyo ƙuda a kan bango. Alhaji ya san haka. Buba tela ne, keken ɗinki ya sani, a ganinsa wanda yake nesa ƙarami zai fito. Suka maƙala masa ɗan makirfo a ƙarƙashin hijabi, aka ce ya yi ta surutu yadda yake yi a wurin mai shayi. Kwana uku suka yi suna ɗauka tsakanin Damilu da Dubeli, aka kawo min, na juye a kwamfuta, aka goge katin aka mayar wa mai kamara kayansa. Ya zama duk duniya a wurina kaɗai hoton yake.

Ba zan ɓoye muku ba, da na buɗe sai da na yi tafi ni kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ban taɓa samun hoto irinsa ba. Tar! Zanin nan kore ne shar da furanni ruwan ɗorawa, kana iya ƙirga zarensa. Murya garau, har numfashi kana ji. Na ce yau dai mutanen Kano za su san akwai masu tacewa a Yola. Kwana tara na yi a kansa, abinci ma sai an tuna min.

Ranar Laraba da hantsi Buba ya zo ya ga kansa. Na ba shi kujera na kunna. Da farko dariya yake yi, yana dukan cinya. Sai muka iso wurin shinge, inda 'yan wasa suka riƙe bindigogin katako, hijabin ya maƙale a ƙusa ya zame. Fuskar Buba ta cika talabijin, da tsagen kumatunsa, da wushiryarsa. Ga murya tana cewa, "Adda Maryamu, jira ni mana, zaninki zai tona min asiri!" Bai tsaya nan ba, har sunan unguwarsu ya faɗa, har da na mai unguwa.

Na juyo na ga babu kowa a kujera. Ya zame yana zaune a ƙasa.

"Hamma Ishaya," ya ce, "ya aka yi na zo kusa haka? Ai ina nesa."

Na yi masa bayanin yadda kamara take janyo abu. Ya saurara kamar wanda ake karanta wa hukunci. Sannan ya ce a garinsu duk wanda ya shiga ko ya fita sai an karɓi wayarsa an bincika. Ya ce zanin nan ankon bikin 'yar Adda Maryamu ne, matan gidansu kaɗai suka ɗinka, shi ne ma ya ɗinka musu, ba wanda bai san shi ba a unguwar. "Ko ban kira sunanta ba zanin zai kira. Yanka ta za su yi, Hamma. Ni na fita, ita tana ciki."

Muka rufe shago muka nufi kasuwa. Na ce wa Alhaji a sake ɗauka da wani zani, a rufe fuskar, ni zan sake tacewa ba sai ya ƙara min komai ba. Ko ɗago kai bai yi ba, yana jera faifai.

"Su wa za su kalla? Mutanen da suka haramta kallo? Kamara na mayar, an riga an sanar, jibi Juma'a masta zai tafi wurin bugu."

Na ce, "Alhaji, ran mutum ake magana."

Ya ce, "Kai edita ne ko lauya? Tunda nake ban taɓa jin fim ya kashe mutum ba. Fuskar nan ita ce fim ɗin, in ka cire ta me ya rage?"

Buba ya cire hula ya durƙusa a gaban shagon, mutum mai furfura, yana cewa Alhaji ka dubi Allah. Alhaji ya ce ya tashi kada ya tara masa jama'a, ai taimakonsa ya yi da ya raba shi da zaman banza. Wallahi a ranar na san zuciya tana iya tafasa kamar ruwa a tukunya. Mutum ya yi maka ƙarya don ka cire mayafi, ka gane, ka roƙe shi, ya ce kai ne mai butulci! Na kama hannun Buba na ɗaga shi. Na ce wa Alhaji, "To, Juma'a za ka samu masta."

Ranar Alhamis da sassafe na zauna. Abin da na yi a ranar, duk wanda ya koya min aiki da zai gani sai ya tofa min yawu. Na fara janye launi har koren zanin ya koma toka. Bai isa ba, furannin suna nan. Sai na kunna fim ɗin a tsohon talabijin, na kafa tsohuwar kamarar kaset a gabansa na ɗauki fuskar talabijin ɗin, na juye, na sake kunna wannan na sake ɗauka. A karo na biyu fuskar Buba ta narke, ido da hanci sun zama tabo biyu uku. Layukan da kuka ga suna hawa suna sauka, daga nan suka fito. Murya kuwa na ɗaga ta sama har ta koma ta agwagwar da kuke wa dariya. Sunaye suka rage. Maƙwabcina mai aski yana da wani janareta da na shekara ina tsine wa, ranar na fita da makirfo na roƙe shi ya tayar. Na ɗora ƙararsa a duk inda aka ambaci suna. Sai na ga in a nan kaɗai take, mai wayo zai gane an ɓoye wani abu, don haka na watsa ta ko'ina a fim ɗin.

Bayan azahar na aika aka kira mai shayin Damilu, wanda yake ganin Buba kullum, ban gaya masa komai ba na nuna masa. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce, "Wannan wace tsohuwa ce? Kai, Ishaya, talabijin ɗinka ya mutu." A nan na san aiki ya yi.

Na cire sunan Buba a jerin sunaye na sa Goggo. Na cire na mai kamara, don shi bawan Allah ya yi aikinsa da kyau, bai kamata a zage shi ba. Bangon faifan ma ni nake tsarawa, na sa hoton tulu da bayan hijabi. Daga nan na buɗe inda ainihin hoton yake, mai kyan nan, na kwana tara. Na daɗe hannuna yana kan madanni. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi tunanin ɓoye kwafi ɗaya ba, ko don wata rana in nuna wa irinku. Amma na san Alhaji, in yana nan sai ya ƙwace shi. Na goge, na bi kwandon shara na goge.

Alhaji bai taɓa kallon masta ba, saboda ya san aikina, kuma da wannan amanar na cuce shi, na sani. Juma'a ya miƙa wa direba. Talatar mako na biyu kwalaye suka iso, aka kunna ɗaya a shagonsa a gaban abokan ciniki. Bayan la'asar ya aiko a kira ni.

Kafin in gama sallama faifan ya same ni a ƙirji. "Jama'a, ku zo ku ga aikin Ishaya! Na ba shi zinariya ya mayar min da kashin shanu!" Masu takalma suka taso, masu atamfa suka leƙo, wani ɗan kasuwa yana cewa oga wetin happen. Ni duk wannan bai dame ni ba, na cancanci faɗa, kayansa na ɓata. Abin da har yau yake ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Faɗa musu mana. Faɗa musu me ya sa ka yi haka."

Ya san dalili sarai. Ya kuma san ba zan iya buɗe baki ba. Kasuwar Jimeta ce fa, ba ka san wanda yake tsaye a bayanka ba, ba ka san motar da zai hau gobe ba. In na ce don a ɓoye wata mata ne a gari kaza, to na gama aikin da na hana fim ɗin ya yi. Ya ɗaure ni da igiyata, yana jira in yi motsi. Na sunkuya na ɗauki faifan na ce, "Kwamfuta ce ta samu matsala, Alhaji. A yi haƙuri."

Daga ranar sunana ya koma Ishaya Dishi-dishi. Wata coci da na shekara shida ina ɗaukar mata taron mata ta ba wani. Iyayen amarya su zo, a raɗa musu a kunne, su ce za su dawo. A taron masu sana'armu aka miƙar da ni tsaye kamar ɗan makaranta, wani wanda ni na nuna masa yadda ake kunna kwamfuta yana yi min nasiha a kan inganci. Matata ta tambaye ni sau ɗaya, na ce ta bar kaza cikin gashinta, ba ta sake ba. Fim ɗin kuwa ya sayu! Mutane suka ce muryar agwagwar nan ita ce abin dariyar, yara suna kwaikwayo a titi. Alhaji ya sayar da kayansa tas, amma ko sau ɗaya bai ce wa kowa a sassauta min ba. In an tambaye shi sai ya ce ai sa'a ce ta cece shi daga hannun mugun edita.

Ga shi babu labarin Adda Maryamu. Wata ya wuce, wani ya wuce. Akwai ranakun da nake zaune a shago babu ko mai leƙowa, ina cewa wataƙila Alhaji ne mai gaskiya, wataƙila fim ɗin bai ko kai can ba, na kashe sunana a banza.

Sai da damina ta sauka, bayan an buɗe hanya, wata Asabar Buba ya shigo da wata mata 'yar ƙarama, ramammiya, ta ɗaure kai da ɗankwali. Ya ce, "Hamma, ga Adda." Tsohuwarta ta rasu a hannunta, ta binne ta, sannan ta fito. Na tashi na ba ta kujerata.

Ta ce, "Na ga fim ɗinka."

Na ce a ina, a Damilu?

"A'a, a can. A wayar wani mai kawo gishiri suka samu. Dama sun ji ƙishin-ƙishin wai wani namiji ya fita da kayan mata, ga shi kuma ana yi musu ba'a da bindigar katako. Suka tara mu a ƙofar gidan Jauro, mai unguwarmu, mata da tsofaffi. Ɗaya ya riƙe wayar yana bi yana kai wa kowa a fuska, yana cewa wa ya san wannan, zanin wace ce wannan."

Buba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Da ya zo kaina na duba wayar. Ni tun kafin Buba ya juyo a hoton na gane shi. Ni na koya masa tafiyar, kuma har yau bai iya ba. Na kai ido kan zanin, ina jiran in ga kore, sai na ga toka. Na kasa kunne in ji sunana, sai inji yake ta ruri. Na ce masa ɗana, idona ba ya gani sosai. Ya ja tsaki ya ce ba idonki ba ne, wanda ya yi fim ɗin ne jaki. Ya buga wayar da dutse, suka ce mu watse."

Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Buba ya ce kai ne jakin."

Na ce, "Ni ne, Adda."

Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta ce useko, useko, ta yi ta maimaita godiyar da Fulatanci. Ni da ban yi kuka a kasuwa ba, ban yi a taro ba, sai ga ni ina share fuska da hular Buba. Da ta ga abin zai yi yawa sai ta juya kan Buba ta ce, "Kai kuma ina zanina? Aro na ba ka, ba kyauta ba."

Alhaji Sabo yana nan da ransa, yanzu wayoyi yake sayarwa. Muna gaisawa a wurin jana'iza, iyakarta ke nan. Na gaya masa abin da Adda ta faɗa, ya ce to ai shi ke nan tunda ba a kashe ta ba. Ban yafe wannan maganar ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ku yanzu wayar da ke aljihunku ta fi kamarar nan ƙarfi, kuma abin da kuka saki ba ya ma jiran direba. Kullum ina ce muku ku fito da hoto tar, kuma gobe ma zan ce. Amma wanda ya tsaya a gaban kamara bai san abin da take gani ba, ku ne kuka sani, kuma duk wanda ya ce masa ai tana nesa, maƙaryaci ne ko da alhaji ne. Kafin ku saki fuskar mutum ku tambaye shi wa ya bari a baya. In kun gama dariyar, ku ja fim ɗin zuwa ƙarshe ku duba jerin sunaye. Shi kaɗai ne ban bi da shi ta tsohon talabijin ba. A duk fim ɗin abu ɗaya ne ya fito tar, sunana, kuma ni na bar shi a wurin.